Littafi, Abokin Hirar Mai Juna Biyu



Abin da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma yana da nauyi a gidajenmu, watau karatun nishaɗi ga mace mai juna biyu. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga Rijiyar Zaki nan kan hanyar Gwarzo, cikin ƙasar Ungogo, maƙwabciyar sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Gine-gine sun cinye gonakin gero da dawa da yawa, amma al'adar cikin gida ba ta gushe ba.

Mu dubi yarinyar da ta yi cikin fari. Bisa al'ada, in ciki ya kai wata bakwai sai a kai ta gidan iyayenta goyon ciki. A can za a ɗauke mata surfe da daka da ɗiban ruwa, a bar ta da zama. Kunya kuwa ta ɗaure mata baki, ba ta ambaton cikin, balle ta faɗi abin da ke cin ranta. In dare ya raba, nauyi ya hana barci, sai zulumin ranar naƙuda ya sami fili. Mun tara itacen wankan jego, mun sayi kanwa da kayan yaji, ragon suna yana turke. Jiki dai ya sami tanadi. Zuciya fa, me muka ajiye mata?

Marigayi Abubakar Imam ya nuna mana maganin dogon jira. A cikin Magana Jari Ce, da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki a fada, dare bayan dare, har mahaifinsa ya komo daga yaƙi. Aikin da littafi zai yi wa ƙanwarmu ke nan. Ta buɗe Ruwan Bagaja na 1934, ta yi dariyar wasan ƙeta tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kafin ta ankara an kira la'asar. In kuwa muryar 'yar'uwarta mace take so, ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ga kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990. A irin waɗannan za ta tarar an faɗi abin da kunya ta hana ta faɗi.

Kuma ba ita kaɗai ke saurare ba. Wajen wata na shida ɗan tayi ya fara jin sauti, muryar uwarsa kuwa ita ta fi kusa da shi. A 1986 wasu masana a Amurka, Anthony DeCasper da Melanie Spence, sun bayyana binciken da suka yi: sun sa mata suna karanta labari ɗaya a bayyane kullum cikin makonni shida na ƙarshen ciki. Bayan haihuwa da 'yan kwanaki, sai jariran suka nuna, ta yanayin tsotsonsu, sun fi son jin wancan labari bisa wanda ba su taɓa ji ba. Ba ma'anar suka gane ba, karin maganar ne suka shaida. Ashe hirar uwa da ɗa tana farawa tun ba su ga juna ba.

Wani zai ce, to, wadda ba ta iya karatu ba fa? Ai saboda irinta aka yi Yaƙi da Jahilci, kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980. Kafin ta kai aji, mu da muka iya mu karanta mata. Wadda ma ta gama firamare, in an yi aure aka daina kawo takarda gidan, karatun zubewa yake yi. Wuƙar da ba a wasawa tsatsa ke cinye ta.

Sai dai mu yi hattara, littafi ba ungozoma ba ne. In ƙafa da fuska suka kumbura, ko ciwon kai ya tsananta, ko aka ga jini, a rufe littafi a nufi asibiti. Ranar awo kuwa a tafi da shi, ya rage tsawon layi.

Saboda haka roƙonmu ɗaya ne. Ranar da albashi ya fito, ko muka tashi zuwa gida hutu, in mun saya wa matarmu ko ƙanwarmu tsire da lemo, mu haɗa da littafi guda. Bayan sallar isha'i mu zauna, mu tambaye ta inda labarin ya kwana.

Allah ya raba su lafiya, ya raya abin da za su haifa.