Tsummokin Ebed-melek

Karatunmu na yau yana cikin littafin Irmiya, sura 38.

A zamanin sarki Zadakiya, sa'ad da Babila ta tasar wa Urushalima da yaƙi, manyan gari suka kama annabi Irmiya, gama maganar da Allah ya sa a bakinsa ba ta yi musu daɗi ba. Suka zurara shi cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ya kuwa nutse a ciki. Sarki ya sani, amma tsoron fadawansa ya hana shi motsi. Wanda ya tashi baƙo ne, Ebed-melek mutumin Habasha, bara a gidan sarki. Ya sami sarki a Ƙofar Biliyaminu, ya gaya masa a fili cewa an yi mugunta.

Ga inda muke so mu tsaya. Kafin Ebed-melek ya je bakin rijiya, sai da ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi. Ya zura wa Irmiya, ya ce ya sa su a hammatarsa domin kada igiya ta yanke shi. Sarki dai cewa ya yi a fitar da annabi, bai ambaci tsumma ba.

Ba mu manta da shekarar 2014 ba. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Mubi kuma a Oktoba. 'Yan'uwa da yawa suka gudu zuwa Yola da Jos, waɗansu suka ƙetare zuwa sansanin Minawao a Kamaru. Ikkilisiyoyi suka tara masara da tabarmi da barguna. Wannan igiya ce, mun kuwa gode wa Allah dominta. Amma ina tsummokin? Sau nawa muka tsai da gwauruwa a gaban jama'a ran Lahadi, aka kira sunanta, aka ɗauki hotonta, kafin a miƙa mata mudu biyu? Ga mutumin da yake dattijon ikkilisiya a garinsu, mai gona da rumbu, ya yi shekaru yana sujada tare da mu, ba mu taɓa ce masa ya yi addu'ar rufewa ba. Har yau "ɗan gudun hijira" muke ce da shi, sai ka ce ba shi da suna. Maƙwabtanmu Musulmi ma da suka tsere daga wuta ɗaya, kada mu tsallake ƙofarsu, gama Ebed-melek ba ɗan kabilar Irmiya ba ne.

A sura 39, Allah ya aiko masa da saƙo cewa ran da birnin zai faɗi, shi ba zai mutu da takobi ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da waɗanda suke cikin rijiyar tsanani a daren nan. Ka nuna mana gidan da za mu shiga cikin makon nan, a asirce, ba tare da mai ɗaukar hoto ba. Cikin sunan Yesu, amin.