Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Tabon Fata da Tawadar Allah

Launin fatar ɗan Adam daga wani sinadari ya ke fitowa, wanda likitoci su ke kira melanin. Waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne a cikin fata su ke yinsa, shi ne kuwa garkuwar jiki daga zafin rana. In ya kasa, ko ƙwayoyin nan suka ɓaci, sai a ga alama a fata. Abu uku ya kamata hakimi da malaminsa su sani game da wannan.

Na fari shi ne farin tabo. Ba kowane fari ne kuturta ba. Akwai wata cuta, bitiligo, wadda jiki da kansa ya ke kashe ƙwayoyin launi, wurin ya yi fari fat. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musafaha, amma an kori mata daga ɗakin aure saboda ita, bisa kuskure. Bambancinsu ga shi: tabon kuturta ba ya jin taɓawa. Mai magani ya kan sa mutum ya rufe ido, ya shafa masa auduga a wurin. In bai ji ba, sai a bincika kuturta. Ita ma tana warkewa. Tun 1995 a ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12.

Na biyu shi ne zabiya. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne. In dukansu suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na haifar zabiya. Saboda haka babu laifin uwa, ba kuwa aikin sammu ba ne. Babban abokin gaban zabiya rana ce, gama ita ke jawo musu ciwon daji na fata tun suna samari. Lalle su riƙa sa malfa da riga mai dogon hannu, su bar aikin gona da tsakar rana. A makaranta a zaunad da su gaba, don ganinsu ba shi da ƙarfi. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 13 ga Yuni don tunawa da su.

Na uku shi ne tawadar Allah. Yawancinta ba ta da lahani. Amma in ta soma girma, ko bakinta ya karkace, ko launinta ya rarrabu, ko ta yi jini, to, a tafi asibiti. A baƙar fata, mugun ciwon da a ke kira melanoma ya fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ba a dubawa. Haka kuma tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa ya kan rikiɗa ciwon daji. Kada a kai wa wanzami ya yanke. Likita ne zai cire, ya duba naman da madubi ya san irinsa. In an yi jinkiri har kaluluwa ta fito a matsematsi, aiki ya yi wuya.

Ana roƙon hakimai su isad da wannan ga dagatai da masu unguwa, malamai kuma su karanta shi a bainar jama'a ran kasuwa.