Minti Guda na Ɗibar Jini

Yawancinmu mun taɓa miƙa hannu a asibiti, muka kawar da kai har aka gama ɗibar jini. To, a wannan minti guda ne sakamakon gwaji kan lalace.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki. A goge fata, a jira ta bushe, kada robar ɗaure hannu ta daɗe. In aka jijjiga kwalbar jinin da ƙarfi, jajayen ƙwayoyin jini kan fashe, fotasiyam ya hau a takardar sakamako, likita ya shiga farautar cutar da babu ita. Sunan majinyaci kuwa, a rubuta shi jikin kwalba tun yana zaune.

Shi ma mai ɗibar jinin bai tsira ba. In allura mai jinin HIV ta soke shi, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Na ciwon hanta nau'in B kan kai 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Amma har gobe za ka ga ana mayar da marfin allura da hannu biyu, akwatin zubar da ita kuwa yana can wani ɗaki.