Sa'ad da Aka Murɗe Hannu: Jimrewa ko Sallamawa?

Yau za mu fara daga filin kokawa kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, gama akwai wata tambaya da 'yan kokawar wasu ƙasashe ke fama da ita, mu ma kuwa ta shafe mu.

A kokawarmu ta gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A dambe ma, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan. Ba a tambayar wanda ya faɗi ko ya yarda. Amma a judo, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, da jiyu-jitsu ta ƙasar Barazil, faɗuwa ba lalle ta zama ƙarshe ba. Sukan ci gaba a ƙasa. Ɗaya zai kama hannun ɗaya ya miƙe shi har gwiwar hannu ta kai iyakarta, ko ya murɗa kafaɗa, ko ya shaƙe wuya. Wanda aka kama shi ne zai yanke shawara. In ya bubbuga tabarmar wasa ko jikin abokin karawarsa sau biyu ko fiye, ya sallama, sai a sake shi nan take. In ya ƙi, mai kamun zai ci gaba da matsawa.

To, yaushe ne ya kamata mutum ya buga?

Malaman wannan wasa sukan koya wa almajiransu su rarrabe tsakanin wahala da hatsari. In ƙato ya danne ka, numfashi yana yi maka wuya, gumi yana shiga idonka, wannan wahala ce. Kana iya jimrewa, kana neman hanyar zamewa, ba abin da zai karye. Wanda ya sallama a nan ya yi garaje. Amma in kamun ya riga ya rufe, labari ya sake. Gwiwar hannu gefe ɗaya kaɗai Allah ya yi ta ta lanƙwasa. In aka tura ta ɗaya gefen, jijiyoyin da ke riƙe da ita sukan tsinke, ko gaɓar ta goce, ko ƙashi ya karye. Abin tsoro kuwa shi ne, cikin zafin gasa ciwo yakan makara. Mutum yakan ji ƙarar kafin ya ji zafin. Shaƙewa ta fi wannan yaudara. Ba maƙogwaro ake matsewa ba, manyan jijiyoyi biyu ne na gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. In kamun ya zauna daidai, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma, yana tsammani da sauran ƙarfinsa.

Ranar 23 ga Oktoba 1951, a filin Marakana da ke birnin Riyo, Helio Gracie na Barazil ya kara da Masahiko Kimura, babban gwanin judo na Japan, wanda ya fi shi nauyi. A zagaye na biyu Kimura ya kama hannun Helio ya murɗa shi ta baya. Helio ya ƙi bugawa. Kimura ya ba da labari daga baya cewa ya ji ƙashin ya karye, duk da haka mutumin bai sallama ba. Sai wansa Carlos ya jefa tawul cikin fili, aka tsai da wasan. Har yau ana kiran wannan kamu da sunan Kimura. A shekara ta 2000, a Japan, Kazushi Sakuraba ya yi wa Renzo Gracie, jikan wannan Carlos ɗin, kamu iri ɗaya. Shi ma ya ƙi bugawa, gwiwar hannunsa ta goce, alƙalin wasa ya tsai da su.

Mutane da yawa suna yabon wannan, suna ce da shi jarumtaka. Ba mu raina ƙarfin zuciyarsu ba. Amma mu lura da abu guda: dukansu biyu an ci su. Ƙin sallamawa bai sāke sakamakon ba, rauni kawai ya ƙara a kan faɗuwa. Kuma wani ne ya yi musu shawarar da suka ƙi yi wa kansu, ɗaya wansa, ɗaya alƙali. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan. Wanda ya buga yau, gobe zai koma wurin horo da hannuwansa biyu ya koyi yadda aka kama shi. Wanda ya ƙi, watanni zai yi da ɗauri.

Helenawa ma sun san wannan tambaya tun kafin zamanin Manzo Bulus. Suna da wasa mai haɗa dambe da kokawa, wanda ya gaji yakan ɗaga yatsa. A shekara ta 564 kafin haihuwar Almasihu, a wasannin Olimfiya, an shaƙe wani gwani mai suna Arikiyon. Bai ɗaga yatsa ba. Ya yunƙura ya ji wa abokin karawarsa ciwo a ƙafa, wancan ya sallama saboda zafi, amma Arikiyon ya riga ya mutu. Gawarsa aka sa wa rawanin nasara.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika magana a kai ba. Bugawar nan ba ta da amfani sai in mai kamun zai saki. Alkawari ne tsakanin mutum biyu. A 2013 ƙungiyar UFC ta kori wani ɗan wasa, Rousimar Palhares, domin ya ci gaba da murɗa ƙafar abokin karawarsa bayan wancan ya buga. Kome gwanintarsa, ba wanda zai yarda ya ba irin wannan mutum gaɓarsa. Domin haka kada wani ya ji maganarmu ta yau ya ce muna koya wa matar da mijinta ke dūka ta yi shiru, ko yaron da ake zalunta ya miƙa wuya. Can ba alƙali, ba alkawari. Wanda yake cikin irin wannan hali ya nemi taimako, ikkilisiya kuwa ta tashi ta tsaya masa. Kafin a yi maganar sallamawa, sai an san a hannun wa ake.

Yanzu mu buɗe Farawa sura 32. Yakubu yana komowa daga Haran bayan shekara 20. Ya ji cewa wansa Isuwa yana tahowa da mutum 400. Ya aika da kyautai, ya raba jama'arsa kashi biyu, ya haye da iyalinsa mashigin Yabbok, ya ragu shi kaɗai. Cikin daren nan wani ya yi ta kokawa da shi har gabannin asuba.

Mu tuna ko wane ne Yakubu. Tun ranar haihuwa ya fito yana riƙe da diddigen wansa. Ya sami gādon ɗan fari da kwanon fate, ya sami albarkar mahaifinsa da fatar akuya, ya fi Laban wayo a kan garke. Bai taɓa shiga kamun da dabara ba ta fisshe shi ba. Sai ga shi a daren nan dabara ta ƙare. Baƙon ya taɓa kwatangwalonsa, gaɓar ta goce. Taɓawa kawai, ba murɗawa ba. Duk ɗan kokawa ya san ƙarfinsa daga ƙugu yake. Wanda zai iya gusar da kwatangwalo da taɓawa ɗaya, ashe da ya so, tun farkon dare ya gama da shi. Haƙuri yake yi da Yakubu dukan daren.

Me Yakubu ya yi? Bai yi irin na Helio ba, ya cije ya ce ba a ci shi ba. Bai kuma saki ya gudu ba. Ya daina neman kā da baƙon, ya manne masa yana roƙon albarka. Annabi Yusha'u, a sura 12, ya gaya mana har kuka ya yi. Da aka tambaye shi sunansa, ya faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama sa'ad da mahaifinsa Ishaku, wanda idonsa ya dushe, ya tambaye shi ko shi wane ne, sunan Isuwa ya ba da. A bakin Yabbok ne ya amsa sunansa na gaskiya, da dukan abin da ke cikinsa. A ganinmu nan ne ya buga tabarma. Sai bayan wannan aka ba shi sabon suna, Isra'ila.

Watakila wani mai sauraronmu yana cikin kamu yanzu. In wahala ce kawai, talauci ko ciwo ko tsanani saboda bangaskiya, Maganar Allah tana kiranmu ga jimiri, kada mu buga da wuri. Amma in Ubangiji ne ya kama mu a kan wani zunubi, kuɗin da muka ci na wani, ko gabar da muke riƙe da ɗan'uwa shekara da shekaru, ko ƙaryar da muka gina gida a kanta, to, kamun ya rufe. Mun san shi, gama kowace wa'azi sai ta taɓa wurin. Taurin kai a nan ba zai sa mu ci ba, raunin ne zai ƙaru, sau da yawa kuwa iyalinmu ne za su ɗauke shi tare da mu.

Yakubu ya sa wa wurin suna Feniyel, domin ya ga Allah fuska da fuska, aka kuwa bar shi da rai. Rana ta fito masa yana wucewa, yana ɗingishi. Da wannan ɗingishi ya wuce gaban matansa da 'ya'yansa, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai kafin ya kai wurin Isuwa. Isuwa kuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka.