Lissafin Siffofi Shi Ne Tushen Zanen Kwamfuta

A shekarar 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙago Sketchpad, tsarin da ya ba mutum damar yin zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. A Faransa kuwa, injiniya Pierre Bézier na kamfanin Renault ya tsara lanƙwasar jikin mota da lissafi, ta yadda ɗigo huɗu kan wadatar a fitar da lanƙwasasshen layi. Na'ura dai ba ta san siffa ba sai an bayyana mata da alƙaluma. Saboda haka wajibi ne iyaye da malamai su ƙarfafa wa yara darasin kusurwa da da'ira, domin ƙasar da ta rasa masana wannan fanni, sai dai ta sayi zanen wasu.