Jawabi Kan Kwantar Ɗin Motar Ƙungiya

Iyayena dattawa, da ƴan'uwa da suka sauko daga Abijan da Kano da Libiya, ina gaishe ku. Ni malamin lakkol ne, ba makanike ba, amma tun da ku kuka ba ni littafin kuɗin mota, dole in yi bayani.

Kun san zancen da ke yawo a Allakaye: wai direbanmu yana shan isansi. Wata takwas ke nan allurar kwantar na kwance a kan sifiri, lambobin kilomita ma ba sa motsi. Masu aiko da kuɗi suna tambaya, shi kuma ba shi da shaida sai rantsuwa. Har ya so ya ajiye makulli, ga shi da wannan tsohuwar Peugeot 504 muke kai marasa lafiya Buza da Galmi.

To, yaya abin yake aiki? A bayan bwat, inda ƙarfen da ke tura ƙafafun baya yake fita, akwai wani ɗan piniyo na roba mai haƙora, bai kai kan kwalbar shayi girma ba. Shi ke juya wata waya a cikin kube, wadda makanikai ke kira kabul, har zuwa bayan kwantar. A can maganaɗisu yana juyawa cikin wani ƙoƙon alminiyam, yana jan allura. Wayar nan ɗaya ita ke tura lambobin kilomita. Wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar wannan dabara tun 1902. Sababbin motoci sun koma na lantarki, tamu ta tsohon yayi ce.

Saboda haka in lambobi suna tafiya allura ta tsaya, ciwon yana cikin kwantar. In allura tana rawa, kabul ya bushe ko ya lanƙwashe. In duka biyu sun mutu, kamar tamu, sai a nemi laifin a ƙasa.

Wani mai gyara ya ce mu sayi sabon kwantar gaba ɗaya. Ban yarda ba. Ran kasuwa na shiga ƙarƙashin mota ni da direba, muka kwance kabul daga wajen bwat, na murza bakinsa da yatsa da sauri, shi yana kallo a sama. Allura ta yi tsalle! Ashe kwantar da kabul lafiyarsu lau. Muka zaro piniyo, sai ga haƙoransa sun cinye kamar bakin tsohuwar akuya. Da gangan aka yi shi da roba, don shi ya ci kafin na cikin bwat, wanda sai an sauke bwat ake kai masa.

A nan ne na kusa yin kuskure. Na farko da aka kawo mana daga Madawa ya shiga daidai, amma haƙoransa ba su kai na tsohon yawa ba. Mai ƙarancin haƙora ya fi saurin juyawa, sai kwantar ya riƙa ƙirga tafiyar da ba a yi ba, mu biya man da ba a sha ba. Muka mayar, muka samo mai lamba ɗaya da namu. Haka taya: in kun sa wadda ta fi ta asali girma, kwantar zai rage. Mun gwada a kan kwalta tsakanin Madawa da Galmi, da duwatsun kilomita na bakin hanya da agogona. Allura a kan 60, dutse ɗaya kowane minti. Ya yi daidai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba isansi ba ne. Wata takwas ana bidanji da ka, ba a san ko an wuce kilomita 5000 ba, ga ƙurar hanyarmu. Man da muka zubar baƙi ƙirin ne.

Game da direba, a tafiya uku da muka auna bayan gyara, man da ya sha ya yi daidai da abin da ya saba karɓa. Ina roƙon dattawa su faɗa masa haka a gaban jama'a, kamar yadda aka zarge shi a gaban jama'a. Sannan ku amince a ajiye kaye a cikin mota, a rubuta lambar kwantar da fita da dawowa, wanda aka ɗauka ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Tsohon piniyon ga shi nan a kan tabarma, kowa ya duba.