Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Ikko A Kan Cike Fadamu

 

Maganar da na zo da ita yau ta ruwa ce da ƙasa. Mu mutanen Arewa da tsoron fari muka tashi, saboda haka da wuya mutuminmu ya yarda cewa yawan ruwa yana raba mutum da dukiyarsa kamar yadda rashinsa ke yi. To, a Ikko haka abin yake.

A ƙidayar 1963 mutanen birnin Ikko ba su kai dubu 700 ba. A ta 2006 an ƙirga fiye da miliyan 9 a Jihar Legas, gwamnatin jihar ma ta ce an rage mata. Alhali kuwa ita ce ƙaramar jiha duk Nijeriya wajen faɗin ƙasa, kuma sashe mai yawa nata ruwa ne da fadama. Ina za a zuba wannan jama'a? Sai aka shiga haƙo yashi daga gindin tafkin Legas, ana cike fadamu ana gini a kai. Da haka aka sami unguwanni da dama na Lekki.

Manomin Haɗeja ya san amfanin fadama, ba sai an gaya masa ba. Ita ke shanye ruwa in ya yi yawa, ta riƙa sakinsa sannu a hankali. A nan Kurmi, itatuwan bakin teku masu saiwa cikin ruwa su ke karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma a ƙarƙashinsu kifi ke haihuwa. In an cike fadama, ruwan sama bai fasa sauka ba. Gangare yake nema, gangaren kuwa unguwar talaka ce, domin mai kuɗi ya riga ya ɗaga filinsa bisa na maƙwabcinsa.

Kun gani da idonku. A watan Oktoba na 1980 da wani abu ba nake nufi ba, na 2010 nake nufi, lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan, Kogin Ogun ya malala cikin Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da kewayen Mil 12, inda 'yan gwarinmu ke sauke kaya. Ran 10 ga Yuli 2011 kuma ruwan yini guda ya kashe mutane fiye da 20 a garin nan.

Abin da ya fi ciwo shi ne, da ambaliyar ake kafa hujjar korar talaka. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta rushe Maroko, ta watsa mutane wajen dubu 300, wai wurin kwari ne mai cin ruwa. Daga baya aka cike shi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Ikko.

Wani zai ce, "Mu baƙi ne, ci-rani muka zo." Wanda ya aurar da 'ya a Agege, ya binne uba a Agege, ya daina kiran kansa baƙo. Ɗan garuwa ya san rijiyar burtsatse da ke kusa da teku takan juya gishiri in an matsa mata da zuƙa. Yaranmu 'yan gwangwan da ke tsince ƙarfe da robobi suna rage wa magudanai nauyi, ko da yake ba mai gode musu.

Roƙona biyu ne. Shugabannin kasuwa su sa ranar yashe lambatu kafin damina, su hana zuba ruɓaɓɓen tumatir da leda a ciki. Sa'an nan kowa ya mayar da katin zaɓensa mazaɓar da yake kwana, domin ran da za a yanke shawarar cike wata fadama, rassan jam'iyyarmu na Agege da Idi-Araba su sami bakin tambayar inda ruwanta zai koma.